Gayatiri: Baitin Da Ƴan Hindu Ke Tarbar Fitowar Rana Da Shi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa Mumbai ko Surat ko Delhi sarin yadi, ko magunguna, ko kayan babur, ko kuwa ya raka marar lafiya asibiti a can, da wuya a ce bai taɓa jin wannan sauti ba. Da sassafe, tun kafin a gama ɗaga ƙofofin kantuna, sai ka ji wata murya tana fitowa daga wani ɗan akwati da aka maƙala a soket, ko daga wayar direban tasi, tana maimaita wasu ƴan kalmomi, in ta kai ƙarshe ta sake komawa farko, har tsawon awa guda ko fiye. Wani lokaci kuma mai kantin ne da kansa za ka tarar zaune, ido a rufe, leɓɓa na motsi, hannu na jan wani abu mai kama da carbi, kana yi masa magana yana ɗaga maka hannu alamar ka dakata.

Da yawa daga cikin mutanenmu sukan ɗauka waƙar fim ce, tun da kunnenmu ya saba da waƙoƙin Indiya shekara da shekaru. Alhali kuwa abin da ake ji ɗin ya girmi sinima da shekaru dubbai. Sunansa Gayatiri, kuma shi ne baitin addu'a mafi shahara a addinin Hindu. A wannan shafi za mu duba asalinsa, da yadda ake koyon rera shi, da kuma abin da malamansu suka ce yana nufi, domin wanda kake ciniki da shi ya kamata ka san abin da yake girmamawa.

Asalin Baitin

Baitin yana cikin Rigbeda, wanda shi ne mafi daɗewa a cikin manyan littattafai huɗu da ƴan Hindu ke kira Beda. Rigbeda ya ƙunshi waƙoƙi 1,028 da aka kasa kashi 10, kuma baitocinsa sun haura 10,000. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa an tsara waɗannan waƙoƙi a arewa maso yammacin ƙasar Indiya tsakanin shekara 1500 zuwa 1000 kafin haihuwar Annabi Isa. Gayatiri shi ne baiti na 10 a waƙa ta 62 ta kashi na 3, kuma ana jingina shi ga wani tsohon malami mai suna Bishwamitra. An sake kawo shi a cikin wasu littattafan Beda, wato Yajurbeda da Samabeda.

Harshen da aka yi shi da shi shi ne tsohon Sanskirit, kakan Hindi da Gujarati da Marati da Bengali. A yau yana cikin harsuna 22 da tsarin mulkin Indiya ya lissafa, amma a ƙidayar jama'a ta 2011 mutum 24,821 ne kacal suka ce shi ne harshen uwarsu, a ƙasar da mutanenta suka haura biliyan ɗaya. Ke nan yawancin masu rera baitin ba su jin harshen, sai dai abin da aka fassara musu.

Gajeren baiti ne ƙwarai, kalmomi 10 ne kawai a cikin ɗango uku. Sunan Gayatiri ma asalinsa sunan karin waƙa ne, wanda ƙa'idarsa ita ce ɗango uku, kowanne da gaɓa takwas, jimilla gaɓa 24. Akwai baitoci da yawa a Rigbeda masu wannan kari, amma saboda shaharar wannan ɗin sai ya gaje sunan shi kaɗai. Kafin a fara shi akan gabatar da sautin nan na “Om” da wasu gajerun kalmomi uku masu nufin ƙasa da sarari da sama.

Wani abin lura shi ne, idan aka ƙirga gaɓoɓin ɗangon farko yadda ake rera shi, bakwai za a samu maimakon takwas. Masana sun yi bayanin cewa a zamanin da aka tsara baitin, ana furta kalmar ƙarshe ta ɗangon da ƙarin gaɓa guda, daga baya furucin ya haɗe. Tun zamanin da malaman kari na Indiya sun san da wannan giɓi, amma masu hadda suka ci gaba da miƙa baitin kamar yadda suka karɓe shi.

Ranar Da Ake Ba Yaro Baitin

A bisa tsohuwar al'ada, ba a tsintar Gayatiri a kan hanya, ba da shi ake yi. Akwai wani biki da ake kira upanayana, ma'anarsa kai yaro kusa da malami. Tsofaffin littattafan shari'arsu sun ƙayyade shekarun bikin gwargwadon ajin da aka haifi yaro a cikinsa: ɗan Birahmin, wato ajin malamai, yana da shekara 8; ɗan Kashatiriya, ajin sarakuna da mayaƙa, yana da 11; ɗan Baishiya kuwa, ajin ƴan kasuwa da manoma, yana da 12.

A ranar bikin akan yi wa yaro aski, a yi masa wanka, a kunna wuta ta ibada, sannan a rataya masa wani zare mai igiya uku daga kafaɗar hagu zuwa ƙarƙashin hannun dama. Wannan zaren ne kake hangowa ta wuyan rigar wasu Indiyawa, kuma ba a cire shi sai in za a sake sabo. Bayan haka sai uban yaron ko malaminsa su shiga ƙarƙashin mayafi guda, a raɗa masa baitin a kunne. Ba a ba shi duka lokaci ɗaya. Za a fara da ɗango ɗaya ɗaya, yana maimaitawa, sannan a haɗa masa rabi rabi, daga ƙarshe a ba shi cikakke. Daga ran nan ana kiran yaron “mai haihuwa biyu”, domin a ganinsu uwa ta haifi jikinsa, malami kuma ya haife shi a fagen ilimi.

A da, daga nan yaro kan tare a gidan malaminsa har shekara 12, yana yi masa hidima, yana ɗebo itace da ruwa, yana fita neman abinci gida gida, yana hadda. Irin wannan makaranta ita ake kira gurukula, wato gidan malami. Masu kallon finafinan Indiya za su tuna cewa makarantar da Amitabh Bachchan ke shugabanta a fim ɗin Mohabbatein na shekarar 2000 sunanta Gurukul; daga nan aka samo sunan.

Yadda Ake Koyon Rerawa

Ilimin furuci, wanda suke kira shiksha, yana cikin fannoni shida da ɗalibin Beda ke buƙata. Sauran su ne ilimin karin waƙa, da nahawu, da asalin kalmomi, da ƙa'idojin ibada, da lissafin taurari. Wani tsohon littafinsu mai suna Taittiriya Upanishad ya lissafa abubuwa shida da mai karatu zai kiyaye: harafin kansa, da karin sautinsa, da tsawonsa, da ƙarfin da ake fitar da shi, da daidaita gudun karatu, da kuma yadda harafi ke haɗuwa da na gaba da shi.

A nan Bahaushe yana da wata fahimta da Bature ba shi da ita, domin harshenmu ma da karin sauti yake aiki. Mun san bambancin “wuya” na jiki da “wuya” ta wahala, da “kuka” na hawaye da “kuka” ta miya, alhali a rubuce duk ɗaya ne, hawa da saukar murya ne kawai ke raba su. Haka Sanskirit na Beda yake da kari uku. Akwai udatta, mai hawa. Da anudatta, mai sauka. Da kuma subarita, wanda ke farawa sama ya faɗo ƙasa, kamar yadda muke furta “kai” na jiki saɓanin “kai” na nuna mutum. A rubutattun kwafen Rigbeda akan ja ɗan layi a kwance ƙarƙashin gaɓar da murya ke sauka, a kuma ja ɗan layi a tsaye bisa wadda ke faɗowa.

Tsawon wasali ma haka. Kamar yadda jan wasali ke raba “gari” na mutane da “gari” na tuwo, su ma dogon wasali ninkin gajere ne a ma'auninsu, kuma ba a yarda a ci rabinsa ba. Sannan akwai baƙaƙen da ake fitarwa da hucin iska, waɗanda ake rubutawa da bh da dh, da waɗanda ake naɗe harshe zuwa ganɗa kafin a furta su. Baƙon harshe yakan ji duk ɗaya ne, kamar yadda wanda ba Bahaushe ba ke kasa raba “kafa” da “ƙafa”, ko “bari” da “ɓari”.

Don tsoratar da ɗalibi daga sakaci, malamansu suna da wani labari da ke cikin tsofaffin littattafansu. Wai wani abin bautarsu mai suna Tuwashtar ya yi fushi da Indira, sarkin gumakansu, saboda ya kashe masa ɗa. Sai ya shirya hadaya don ya samu wani ɗan da zai zama ajalin Indira. Wajen furta kalmar roƙon sai ya ɗora karin sauti a inda bai kamata ba, ma'anar ta juye, ta koma wanda Indira zai zama ajalinsa. Aka haifi ɗan, mai suna Biritira, Indira kuwa ya kashe shi. Darasin da ake ba yara shi ne, gaɓa guda in ta karkace tana iya mai da roƙo ya koma kan mai shi.

Koyarwar kanta baki da baki ake yin ta. Malami ya faɗa, ɗalibai su maimaita, ya gyara, su sake. A jihar Kerala da ke kudancin Indiya, malaman Birahmin da ake kira Nambudiri sukan dafa kan yaro da hannu, su ɗaga shi in murya za ta hau, su sunkuyar da shi in za ta sauka, su karkata shi gefe ga kari na uku, har jiki ya riƙe abin da kunne ya ji. A wasu makarantun kuma da motsin hannu ake nuna karin.

Dabarar Da Ta Hana Kalma Ɓata

Tambayar da mai karatu zai yi ita ce, ta yaya baitoci sama da 10,000 suka yi shekaru aru aru a baki kawai ba tare da sun gurɓata ba? Amsar tana cikin hanyoyin tilawa guda 11 da suka ƙirƙiro. Bari mu kwatanta biyar daga ciki da kayan da muka sani, mu ɗauka baitin ya ƙunshi kalmomi huɗu: gero, dawa, wake, masara.

Hanya ta farko ita ce a karanta shi a jere yadda yake. Ta biyu, wadda ake jinginawa ga wani malami mai suna Shakalya, ita ce a tsinka shi kalma kalma, ana tsayawa bayan kowace. Ta uku, mai suna karama, ita ce a riƙa haɗa biyu biyu: gero dawa, dawa wake, wake masara. Ta huɗu, jata, wato kitso, ita ce a je a dawo a sake zuwa: gero dawa, dawa gero, gero dawa, sannan dawa wake, wake dawa, dawa wake. Mafi wuya ita ce gana: gero dawa, dawa gero, gero dawa wake, wake dawa gero, gero dawa wake, sannan a koma a fara daga dawa, a bi wannan tsari har ƙarshen baiti. Kuma duk lokacin da kalmomi suka sauya maƙwabta, sautin bakinsu da karinsu na sauyawa bisa ƙa'ida, dole mai karatu ya kiyaye wannan ma.

Ɗan kasuwa zai gane hikimar nan da nan. Wanda ya ƙirga buhuna wajen lodi, ya sake ƙirgawa wajen saukewa, ya kuma gwada da abin da ke rubuce a takarda, da wuya buhu ya salwanta bai sani ba. Haka kowace kalma take ɗaure da ta gabanta da ta bayanta, ta yadda in ɗaya ta faɗi ko aka sauya mata wuri, sauran hanyoyin za su tona. Wanda ya haddace littafin Beda guda har zuwa matakin gana ana yi masa laƙabi da ganapati, kuma yakan ɗauki shekaru fiye da goma kafin ya kai nan. Har yanzu a garin Kadaballur na jihar Kerala akan yi gasar kwana takwas duk shekara wajen watan Nuwamba, inda masu haddar Rigbeda na makarantun Tirisur da Tirunabaya ke gwada juna a irin waɗannan hanyoyi.

Babban malamin nan Musulmi, Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya koyi Sanskirit ya kuma rubuta littafi kan Indiya wajen shekarar 1030. A ciki ya ba da labarin cewa Birahmin ba su yarda a rubuta Beda ba, saboda da kari ake karanta shi, alƙalami kuwa ba ya iya riƙe kari, suna tsoron ya jawo ƙari ko ragi. Ya kuma lura cewa da yawansu suna haddacewa ba tare da sanin ma'ana ba. Daga baya dai an rubuta. Akwai kwafe 30 na Rigbeda a wata cibiyar bincike ta Bhandarkar da ke birnin Pune, mafi tsufa a cikinsu an rubuta shi a 1464, kuma hukumar UNESCO ta sa su cikin kundinta na kayan tarihin duniya a 2007. Bajamushen nan Max Müller shi ya buga Rigbeda a injin ɗab'i, cikin juzu'i shida, tsakanin 1849 da 1874.

Lokutan Karantawa

Wanda aka ba baitin ya ɗauki nauyin karanta shi kullum a lokutan da suke kira sandhya, wato mahaɗa: mahaɗar dare da rana da asuba, da tsakar rana, da mahaɗar rana da dare da almuru. Mafi daraja a wurinsu shi ne na asuba, kuma masu himma sukan tashi kimanin awa ɗaya da rabi kafin rana ta fito. Mutum zai yi wanka, ya fuskanci gabas, ya kurɓi ruwa sau uku daga tafin hannunsa, ya daidaita numfashi ta hanyar shaƙa da riƙewa da saki a hankali, ya watsa ruwa da hannu biyu wajen rana, sannan ya zauna ya fara maimaitawa.

Adadin da aka saba shi ne 10, ko 28, ko 108, ko 1,008 a ranaku na musamman. Carbinsu, wanda ake kira mala, yana da ƙwaya 108, wasu kuma da gaɓoɓin yatsu suke ƙirgawa. Zagaye guda na 108 kan ci kimanin rubu'in awa ko fiye. Maimaitawar iri uku ce: da murya a fili, da raɗa wadda leɓɓa ne kawai ke motsi, da kuma ta zuci. Littafin shari'ar Manu ya fifita ta raɗa a kan ta fili, ya kuma fifita ta zuci a kan duka, saboda ita ce ta fi buƙatar tattara hankali.

Abin Da Baitin Ke Roƙo

Baitin yana fuskantar wani abin bauta ne mai suna Sabitar, wanda ke da alaƙa da rana. Sunan ya fito daga wata saiwar kalma mai nufin zaburarwa ko tayarwa, wato wanda ke tada mutane da dabbobi daga barci ya tura kowa ga aikinsa. A ɗango biyu na farko masu karatu suna bayyana cewa sun mai da hankalinsu ga haskensa. A ɗango na uku suna fatan ya zaburar da tunaninsu. Iyakar abin da ke ciki ke nan.

Abu biyu malamansu ke yawan jan hankali a kai. Na farko, Rigbeda cike yake da waƙoƙin roƙon shanu da dawakai da ƴaƴa maza da nasara a kan abokan gaba, amma baitin da aka zaɓa a fara ba yaro babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a cikinsa, basira kawai yake nema. Hujjarsu ita ce, wanda aka ba dukiya babu hankali zai ɓarnatar da ita, wanda kuwa aka ba hankali zai iya nemo sauran. Na biyu, da lamirin jam'i aka yi shi. Ko mutum shi kaɗai ne a ɗakinsa, tunaninmu yake cewa, yana haɗawa da sauran jama'a.

Sai dai sun yi saɓani kan wane ne wannan Sabitar. Sayana, babban mai sharhin Beda wanda ya rayu a daular Bijayanagara ya kuma rasu a 1387, ya kawo fassara fiye da ɗaya: a wata ya ce ƙwallon ranar da ake gani ne, a wata kuma ya ce mahaliccin da ke cikin komai ne. Littattafan falsafa da ake kira Upanishad sun ƙara zurfafawa. Ɗaya daga cikinsu, Birihadaranyaka, ya ce Gayatiri ƙafa huɗu gare shi: uku su ne ɗangogin da ake furtawa, ta huɗu kuwa ita ce mai haskakawa can sama da ƙurar duniya. Mabiya Shankara, malamin falsafa na wajen ƙarni na 8, sun tafi a kan cewa hasken da ke cikin rana da hasken sani da ke cikin zuciyar mutum asalinsu ɗaya ne. A ganinsu, kamar yadda ido ba ya ganin kaya a ɗaki sai da haske, haka hankali ba ya gane gaskiya sai an haskaka shi, kuma ranar da ke fitowa a gabas alama ce da ke tuna wa mutum wannan kowace safiya. A 1827 kuma Ram Mohan Roy, wani ɗan gyara na birnin Kalkata, ya wallafa ɗan littafi inda ya fassara baitin a matsayin bautar Ubangiji guda marar siffa.

Ke nan idan ka tambayi ƴan Hindu uku ko rana suke bauta wa, kana iya samun amsa uku. Wani zai ce i, rana abin bauta ce. Wani zai ce rana alama ce kawai. Wani kuma zai nuna maka hoton wata mace mai fuska biyar zaune a kan furen bado, ya ce ita ce Gayatiri, domin a ƙarnonin baya an mai da baitin kansa abin bauta, ana kiran ta uwar Beda.

Wa Ke Da Ikon Karantawa?

Nan ne rigimar take. Shekaru aru aru baitin na maza ne na azuzuwa uku na sama. An hana ƴan ajin Shudura, wato masu aikin ƙarfi, da waɗanda ake ƙyamar taɓawa, da kuma mata, har wasu tsofaffin littattafan shari'a sun tanadi hukunci mai tsanani ga ɗan Shudura da ya saurari karatun Beda da gangan. Abin da ya sa ake raɗa shi ƙarƙashin mayafi ke nan.

A ƙarni na 19 aka fara fasa wannan shinge. Dayananda Saraswati, wanda ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a Bombai a 1875, ya ce Beda na kowa ne, mace da namiji, kowane aji. A 1898 Swami Vivekananda ya rataya wa wasu mabiyansa waɗanda ba Birahmin ba zaren, ya kuma ba su baitin. Shriram Sharma, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 1990, ya kafa cibiya a Matura a 1953 da wata mai suna Shantikunj a Haridwar a 1971, inda mata ke koyon baitin har suna jagorantar ibada. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da mata irin su Gargi da Maitireyi, waɗanda Upanishad ya nuna suna muhawara kan ilimi. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ma ya haramta ƙyamar taɓa wani aji. Har a yammacin Afirka abin ya iso, domin a 1975 aka kafa wani gidan ibadar Hindu a birnin Akara na Gana, ƙarƙashin wani ɗan ƙasar mai suna Swami Ghanananda.

Sai kuma zamanin kaset da faifan CD ya zo, mawaƙa irin su Anuradha Paudwal suka rera baitin da kiɗa, aka sayar ko'ina. A yau yana cikin wayoyi, da ƙararrawar ƙofa, da ƴan akwatunan nan masu maimaita shi dare da rana, da azuzuwan motsa jiki na yoga a Turai da Amurka. Malaman gargajiya da dama ba su ji daɗin haka ba. Suna cewa waƙar kaset ta watsar da kari ukun nan ta ɗora nata, kuma akwati ba shi da hankalin da za a zaburar. Masu goyon baya kuma suna cewa gara kowa ya ji da a ɓoye shi a hannun tsiraru.

Yayin da baiti guda ke yaɗuwa haka, ilimin da ya raino shi yana ja da baya. Lokacin da UNESCO ta ayyana karatun Beda a matsayin gadon ɗan Adam a 2003, ta bayyana cewa daga cikin rassan tilawa sama da 1,000 da aka taɓa yi, 13 ne kawai suka rage. Iyaye da yawa sun fi son ɗansu ya zama injiniya ko likita da ya shafe shekara 12 yana hadda. Gwamnatin Indiya ta kafa wata hukuma a 1987, wadda ke da mazauni a birnin Ujjain, don tallafa wa irin waɗannan makarantu da malamansu.

Abin Da Ya Shafi Ɗan Kasuwa

Wannan bayani yana da amfani ga mai fatauci ta fuska uku. Na ɗaya, idan ka tarar da abokin cinikinka yana jan mala, ka ba shi ƴan mintoci ya kammala, kamar yadda kai ma kake so a jira ka in kana ibadarka. Idan akwai wani lungu a kantinsa da aka ajiye hotuna da fitila da furanni, kada ka matsa kusa da takalmi, kada kuma ka ɗora kaya a wurin. Ka kuma tuna ba kowane Ba'indiye ne ɗan Hindu ba. A ƙidayar 2011 ƴan Hindu sun kusa kashi 80 cikin 100, Musulmi kuma sun ɗan haura kashi 14, wato mutum miliyan 172, ban da Kiristoci da ƴan Sik da sauransu.

Na biyu, mai sarin kayan lantarki ya riƙa gwada ƙararrawar ƙofa da agogon bango da kayan wasan yara kafin ya biya kuɗi, domin wasunsu da wannan baiti aka cika su don kasuwar cikin gida ta Indiya. Kayan da ba za su shiga ba a Maraɗi ko Jibiya ko Ƙonni, gara a gane su tun a can da a gane su bayan an biya kuɗin jirgi da na kwastan.

Na uku, mai sarin yadi da gyale ya duba rubutun da aka buga a jiki. Akwai mayafai, galibi ruwan ɗorawa ko ruwan goro, da ake buga wa alamar “Om” da baitocin ibada da haruffan Debanagari, waɗanda ke rataye a jikin layi kamar shanya. Mai ganin su zai ɗauka ado ne, alhali a wurin masu su abu ne mai tsarki, kuma mai saye a nan gida yana da haƙƙin sanin abin da zai yafa. In ka yi shakka, ka tambayi mai kantin ya karanta maka, ka kuma nemi wani na biyu ya tabbatar kafin a ɗaure dila.

Allah ya ba da kasuwa, ya kai kowa gida lafiya.